Ƙwaryar da Ta Ceci Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Kurege da Kunkuru da Giwa ne suka haɗa sana'ar man gyaɗa. Kurege ke ɓara, Kunkuru ke suya, Giwa ke daka ta matse mai. To, kun san Kurege da rawar kai. Kafin Kunkuru ya juya kasko ɗaya, Kurege ya tula masa gyaɗa har wuya. Kunkuru ya ƙara wuta don ya kamo shi, gyaɗa ta ƙone, mai ya fito da ɗaci.

Giwa ta ce, "Malam Kunkuru, nawarka ta ishe mu. Gobe ka zauna a gida."

Kunkuru ya ce, "Haba Yaya, da me zan ciyar da 'ya'yana?"

Maƙwabciyarsu, tsohuwa Bushiya, tana jin su. Ta miƙo ƙwarya ɗaya ta ce, "Kai ɗan nan Kurege, cika wannan ka kai wa Kunkuru. Kada ka sake ɓare ko ƙwaya sai ta dawo maka ba komai a ciki."

Kurege ya ce, "Inna, in zauna haka kawai?"

"Zauna mana. Ƙwaryar za ta kira ka."

Haka aka yi. Kunkuru ya soya a natse, Giwa ta daka, mai ya fito garau. Giwa ta ɗanɗana ta ce, "Malam, gobe ka zo da wuri."

Kunkuru ya ce, "To, bari in kama hanya tun yanzu."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓeran da ya lashe ludayin.