Iskar Tayar da Ba a Rage Ba

Akwai wani direba a Dogon Dutsi mai suna Ambroise, wanda ya shekara ashirin da shida yana bin hanyoyin Arewa. Wata ƙungiya mai taimakon masu ciwon ido ce ta ɗauke shi aiki, bayan ta yi hayar wata ƙaramar bas sabuwa fil daga wani kamfani a Yamai, haya ta wata shida.

Wanda ya sa hannu a takardar hayar shi ne sakataren ƙungiyar, Kamaluddeen, saurayi mai ilimin boko. Takardar ba ta rabuwa da jakarsa. Bai taɓa kiran Ambroise da sunansa ba, sai dai "shofer", wato direba, ko da yake a shekaru mutumin ya isa ya haife shi. Shi kuwa Ambroise "Mushe" yake ce masa, wato yallaɓai da Faransanci.

Likitocin da ke cire yanar ido sau ɗaya suke zuwa Dutsi a shekara. A ranarsu ta ƙarshe aka tura bas ɗin ta ɗauko tsofaffi goma sha ɗaya daga ƙauyukan Sukukutane. Likitocin sun faɗa ƙarara: da azahar za su rufe, wanda bai iso ba sai baɗi.

An je da sanyin safiya lafiya, har da Kamaluddeen. A dawowa rana ta ɗaga, yashi ya yi zafi ya saki. Da suka iso bakin wani dogon kwari, Ambroise ya tsaya, ya sauka ya durƙusa gaban taya.

"Shofer, mi kake yi?"

"Iska zan rage, Mushe. Taya mai tauri nutsewa takan yi cikin yashin ga. In mun hau kwalta sai a ƙara."

Kamaluddeen ya zaro takarda yana kaɗa ta. "Nan an rubuta ba a taɓa komi na motar ba da izinin kamfani ba. Ni na sa hannu, ba kai ba!"

"Wanda ya rubuta ta bai taɓa zuwa Sukukutane ba."

"Kai kuma ba ka taɓa karanta takarda ba. Wagga ba akwalar da ka saba ja ba ce. Ka taɓa tayar nan, yau ka aje makulli."

Tsofaffin suna ji ta taga. Wata daga cikinsu, Inna Zalika, wadda ta shekara huɗu ba ta ga komai ba, ta ce, "Ɗana, ka bar shi ya yi aikinsa mana."

"Inna, wannan maganar ofis ce," in ji Kamaluddeen.

Ran Ambroise ya yi baƙi ƙirin. Ya san abin da zai faru kamar yadda ya san sunansa. Amma ya tuna wata bakwai da ya yi zaune ba aiki kafin wannan. Ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya shiga ya tayar da mota.

Ba su kai tsakiyar kwarin ba tayoyin baya suka fara tono. Kamaluddeen yana ihu, "Ba ta wuta! Ba ta wuta!" Kowace wuta ƙara binne su take yi, har cikin motar ya zauna daram a kan yashi.

Sai a lokacin Kamaluddeen ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "To, rage iskar."

Ambroise ya juyo ya dube shi. "Yanzu? Yanzu ko ka cire tayoyin duka ka aza bisa kai, ba inda za ta. Ɗauko takardarka ka karanta wa yashi, ko ya ji tsoro!"

Ya tona da shebur har tafin hannunsa ya saɓule. Fushinsa biyu ne, kuma wanda yake yi da kansa ya fi ci masa rai. Sai bayan la'asar wasu manoma suka zo da shanu huɗu suka jawo motar. Kafin nan an riga an kira daga Dutsi: likitoci sun kama hanya.

Ba wanda zai faɗa wa tsofaffin sai Kamaluddeen. Ya tsaya gabansu a inuwar wata bishiyar ƙaya, yana ta in'ina. Wani tsoho ya tofar da yawu. Wata ta fashe da kuka.

Inna Zalika ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu ta ce, "Matso."

Ya matso. Ta shafa goshinsa, da hancinsa, da haɓarsa, a hankali, kamar mai zaɓen ƙwarya a kasuwa.

"Na so in ga jikokina bana," in ji ta. "Tun da ba zan gan su ba, bari in san fuskar wanda ya hana ni. In Allah ya kai ni baɗi, zan gane ka."

Ba ta kai baɗin ba. Ambroise ne ya je gaisuwar rasuwarta, shi kaɗai.

Darasi: Sa hannu a takardar haya ba ya sa mutum ya san hanya. In ka ɗauki mai sani aiki, ka saurare shi tun kafin mota ta nutse. Kai kuma mai sani, in lafiyar wasu tana hannunka, kada tsoron rasa aiki ya sa ka yi shiru. Ku tura wa duk wanda aka ba ragamar jama'a.