Kwanon Alhaji Ɗayyabu a Birnin Xi'an

An ce wai an yi wani attajiri, Alhaji Ɗayyabu Kurfi, mai sayar da atamfa da leshi a Kano, wanda ya tashi ya tafi ƙasar Sin saro kaya ba tare da ya tambayi kowa nawa ga watansu ba. Ya sauka ya tarar da masaƙu a kulle, kasuwanni a rufe, kowa ya ɗaure jaka ya nufi garinsu. Ashe bikin sabuwar shekararsu ne ya kama, wanda suke ji da shi yadda muke ji da Babbar Sallah.

Ya kira amininsa Guo, Basine ne da ya shekara goma sha takwas yana aiki a Kano, har Hausa ta zauna masa a baki, shi ma ya koma gida biki. Guo ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai ko allura ba mai sayar maka sai bayan sati biyu. Hau jirgin ƙasa ka zo garinmu Xi'an. Sau ɗaya dai a rayuwarka ka kalli abu ba ka taya ba."

Alhaji ya je, bai kuwa yi da-na-sani ba. Suka hau ganuwar birnin, wadda faɗinta ya isa mutane su yi tseren keke a kanta, an jera mata jajayen fitilu iyakar ganin ido. Suka je inda aka tono dubban mayaƙan yumɓu da wani sarki na zamanin da ya sa aka binne masa, kowane da fuskarsa daban, Alhaji ya dage cewa na uku a layin gaba Malam Iro ne mai shayin bakin shagonsa. Ya yi sallar La'asar a wani tsohon masallaci tare da dattawa masu fararen huluna. Ba su ji yarensa ba, bai ji nasu ba, amma da liman ya yi kabbara sai ya ji kamar a unguwarsu yake, har idonsa ya kawo ruwa.

Ran jajibirin shekara Guo ya kai shi gida cin abincin biki. Matar Guo ta yi masa kara matuƙa: daga unguwar Musulmi ta sayo nama, ta sayi sababbin tukwane dominsa kawai. Bayan Magariba aka zauna, aka cika masa kwano da taliya da naman rago.

To, Alhaji na da wani alkawari. Yana yaro aka yi fari a garinsu, har suka wuni uku ba a ɗora tukunya ba. Da abinci ya dawo, mahaifiyarsa ta riƙe hannunsa ta sa ya yi mata alkawarin duk abin da aka zuba masa zai cinye, ba zai bar ko ƙwaya ba. Ta rasu da daɗewa, shi kuwa bai taɓa saɓawa ba. A gidan su Guo kuma, baƙo ya sauke kwano fayau alama ce ba a ƙosar da shi ba, kuma a wannan rana dole kowa ya rage, don sabuwar shekara ta shigo ta tarar da abinci a gidan.

Alhaji ya cinye, uwargida ta ƙara. Ya cinye, ta ƙara. A kwano na huɗu ya sassauta zariyar wandonsa a ɓoye, gumi na tsatso masa ana tsananin sanyi. Ita kuma fuskarta ta canza, ta fara duban mijinta. Da aka cika na biyar, Guo ya ajiye sandunan cin abincinsa.

Ya ce, "Alhaji, don girman Allah ka rage ko loma biyu. In ka tashi kwanon nan ba komai, matata za ta shekara tana ganin ta kunyata ni, duk tsiyar da ta same mu kuma a sabuwar shekara za a ce daga teburin nan ta faro."

Alhaji ya ce, "Guo, ka san ba zan so ɓacin ran iyalinka ba. Amma na yi wa mahaifiyata alkawari, tana kabari yanzu, ba ni da hanyar komawa in ce ta yafe mini. Na gwammace cikina ya fashe."

Cikin masu cin abincin akwai mahaifiyar Guo, tsohuwa mai shekara tamanin da bakwai, wadda ta shekara talatin tana sasanta rigimar maƙwabta a unguwarsu. Ta sa ɗanta ya fassara mata komai. Ta daɗe tana duban Alhaji, sannan ta yi magana, Guo na mayarwa da Hausa.

Ta ce, "Ni ma na ga yunwa ina budurwa, na san abin da ya sa mahaifiyarka ta faɗi haka, kuma ba a gidana za a saɓa mata ba. Amma gaya mini, ɗana: da ta ce ka cinye, ta yanka maka lokaci?"

Alhaji ya ce, "A'a, Inna. Ba ta yanka ba."

Ta ce, "To ga hukuncina. A rufe kwanon nan yadda yake, kada kowa ya taɓa. Kai kuma ba za ka koma masauki ba, a nan za ka kwana. Shekara ta shigo ta tarar da abinci a gidana, gobe da safe a ɗumama maka ka ƙarasa. Ka fara cinsa bara, ka gama shi bana."

Guo ne ya fara fashewa da dariya tun bai gama fassarar ba, matarsa ta bi, Alhaji ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, rabi ta farin ciki, rabi ta ciki da ya samu sa'ida.

Gari ya waye ana ta kiɗa a titi, yara sanye da jajayen kaya suna gaida manya. Aka ɗumama taliyar aka ajiye masa, ya yi bisimilla ya cinye tas. Uwargida, da yake hannu ya riga ya saba, ta ɗago ludayi za ta ƙara. Tsohuwa ta riƙe mata hannu.

Ta ce, "Wancan kwanon na mahaifiyarsa ne, ya cika mata alkawari. Ɗauko masa wani, wannan karon namu ne, ki zuba kaɗan."

Alhaji ya sunkuyar da kai yana murmushi, hawaye na sauka a gemunsa, domin shekara arba'in ke nan ba wanda ya ambaci mahaifiyarsa da irin wannan girmamawa.

Abin lura a nan shi ne, idan gaskiya biyu suka haɗu a ƙofa ɗaya, mai hikima ba ya korar ko ɗaya daga cikinsu. Yakan sa ɗaya ta dakata har 'yar'uwarta ta wuce.