Hoton Ƙwan Zabuwa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, mun kasa kunne.

Wata damina Zabuwa, mai son yabo, ta ɗauki hoton ƙwanta ta saka a waya. Hankaka sarkin gulma ya gani, ya tura wa duk daji.

Bushiya ta sheƙo: "Yaya, tsamiyar da kike kwanci a gindinta ta fito a hoton, Guza mai shan ƙwai ya gani!"

"Bari in goge."

"Ki goge naki, na wayar Guza fa?"

Zabuwa ta miƙe. "Ƙwaina ba zai zama kalacin kowa ba."

Ta sa baki tana mirgina ƙwan ɗaya-ɗaya zuwa cikin ƙaya, har bakin ya yi jini. Guza ya iso yana duba waya, ya tarar da gurbi wayam.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera.