Kwalin Sukari da Ƙafar Bappa Jingi

Akwai wani maharbi a bakin kogin Faro, sunansa Hamajoda. A sansanin farauta yake aiki, inda Turawa ke zuwa da rani. Yana da hannu, wannan ba wanda ya musa. Aibinsa ɗaya ne, 'ya'yana: ba a gaya masa.

Mai bin sawunsa ƙanin mahaifinsa ne, Bappa Jingi. Tsoho ne siriri, shekara arba'in yana shige wa maharba gaba a daji, in an dawo kuma shi ke goge bindigogi. Shi ya riƙi Hamajoda tun yana maraya, shi ya fara ɗora masa bindiga a kafaɗa.

Da farauta ta ƙare a wata shekara, wani Bature ya bar wa Hamajoda kyautar madubin bindiga, irin wanda ake leƙawa abin nesa ya matso kusa. Ƙato ne, bakinsa na gaba ya kai faɗin kofin shayi.

Hamajoda ya cire tsohon ƙaramin madubinsa, ya ɗora ƙaton a kan zobban da ke jikin bindigar. Zobban gajeru ne, don ƙarami aka yi su. Sai bakin madubin ya zauna daram a kan bututun bindiga. Noti ya ƙi kamawa, ya danne da ƙarfi ya murɗe har ya kama.

A kwanakin ne wata ɓauna ta fitini ƙauyen. Tarkon waya ya ci mata ƙafa, ciwo ya haukata ta. Ta kori mata daga bakin ruwa, ta tattake gonakin albasa. Jauro, mai garin, ya kai kuka, ma'aikatan gandun daji suka ba da izinin a kashe ta. Aka ce Hamajoda ne zai harba.

Ana gobe za a fita, da la'asar, mutane suka cika ƙofar gidan Bappa Jingi suna layin leƙa madubi. Matarsa Goggo Dudu tana zuba shayi.

Wani ya leƙa ya ce, "Kai! Ga surukata can a ƙetare tana wanki, har harararta ina gani!"

Aka bushe da dariya.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya karɓi bindigar, ya ɗaga ta sama yana neman haske tsakanin madubi da bututu. Babu. Ya yago gefen kwalin sukari, ya ninka biyu, ya tura a tsakani. Kwali ya tsaya cak. Ya warware shi ya tura falle ɗaya. Nan ma ya ƙi.

"Ɗana, wannan madubin a kan bututu yake zaune."

"To a ina zai zauna, Bappa? A kan tabarma?"

Aka sake dariya.

"Bai kamata ya taɓa shi ba. Zobba ne ke ɗauke da shi, a bar 'yar ƙofa da kwalin nan zai wuce. In ka harba, bututu yana girgiza. Duk girgizar da ya yi, madubi yake doka. Yau ya nuna maka nan, gobe ya nuna maka can. Ka mayar da ƙaramin, ka gwada shi yanzu tun da rana. In an kawo dogayen zobba daga Garwa, ni da kaina zan ɗora maka wannan."

Hamajoda ya dubi jama'a. Duk ƙauye ya ga ƙaton madubi, har jauro ya leƙa. A ce ya cire saboda kwalin sukari?

"Bappa, kai dai sawu ka iya. Ka bar wa masu harbi harbi."

Goggo Dudu ta dire butar shayi.

Hamajoda ya sa aka ɗora ƙwarya a kan suri, taku ɗari. Ya harba. Ƙwarya ta tarwatse, mutane suka ɗauki sowa.

"Ka gani, tsoho? Ko kwalin ne zai harba mana?"

Bappa Jingi ya ninke kwalinsa ya sa a aljihu. Abin da ya ce kawai, "Allah Ya kai mu goben."

Da mutane suka watse, Goggo Dudu ta tare shi a ƙofar ɗaki.

"Wallahi ba inda za ka. Yaron da ka wanke wa kashi ya yi maka wannan a gaban mutane?"

"In ban je ba, wa zai shige masa gaba? Ɗan wana ne, Dudu. Ban haifa ba, shi ne nawa."

Da safe suka hau bayan mota, hanya duk ramuka, bindiga tana ta karo da ƙarfe. Da hantsi Bappa Jingi ya gano ɓaunar a tsaye ƙarƙashin tsamiya. Ya kafa sanduna uku na ɗora bindiga, ya matsa gefe.

Hamajoda ya saita kafaɗarta daidai, inda zuciya take. Ya harba.

Tun daga ƙarar, tsohon ya gane harbin ya kauce. Ɓauna ba ta faɗi ba. Ta gantsare, ta juya, ta shige cikin doguwar ciyawa da ta fi mutum tsawo.

Suka ƙarasa gindin tsamiya. Bappa Jingi ya shafo jinin da yatsa. Baƙi ne, gauraye da taunanniyar ciyawa.

"Ciki ka samu."

"Wallahi kafaɗa na saita, Bappa!"

"Na yarda."

Ku da ba ku san daji ba, ɓauna mai rauni ba a barinta kusa da gari. Dole a bi ta. Kuma in za a bi, mai bin sawu ne a gaba, mai bindiga a bayansa. Wanda ya yi kuskure daban, wanda ƙaho ke fara samu daban.

Hamajoda ya riƙo rigar tsohon. "Bari ni in wuce."

"Ka iya karanta ƙasa? Nawa idon a ƙasa, naka a sama. Sake ni."

Ba su yi taku hamsin ba ciyawa ta dare. Ba ta gaba ta fito ba, ta gefe ta zagayo. Hamajoda ya ɗaga bindiga ya leƙa, bai ga komai a ƙaton madubin ba sai baƙi, don ta yi kusa da yawa. Kafin ya janye ido, ta sure Bappa Jingi da ƙaho ta maka da ƙasa, ta durƙusa a kan ƙafarsa.

Innalillahi! Ƙarar ƙashin, direban da ke can bakin hanya ya ce sai da ya ji ta.

Hamajoda ya ruga ya manna mata bakin bindiga a bayan kunne ya harba. Ta mutu a kan tsohon. Sai da mutum huɗu suka mirgina ta.

A asibitin Garwa likitoci suka yanke ƙafar daga saman gwiwa.

Hamajoda ya kasa shiga ɗakin har kwana uku. A na ukun ya zauna ya kwance madubin. A kan bututu, daidai inda ya zauna, baƙin fenti ya goge, ƙarfe yana ƙyalli. Girman tabon bai kai farcen jariri ba.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tashi ya shiga.

Goggo Dudu ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta kwance bakin zaninta ta ciro kwalin sukarin nan, ya yi ja da jini, ta damƙa masa a hannu.

"A aljihunsa na samu. Riƙe. Da wannan ya wuce, da mijina yana da ƙafa biyu."

Ƙaton mutum ya zube a gaban gado yana kuka kamar yaron goye. "Bappa, ka tsine mini. Ka ce wani abu!"

Tsohon ya ɗora masa hannu a ka. Muryarsa da ƙyar take fita.

"An kawo zobban?"

"Wane zobba kuma, Bappa? Na rantse ba zan ƙara taɓa bindiga ba."

"Ka bar bindiga, wa zai tsare matan bakin ruwa? Ka kawo ta nan da zobban. Ƙafa suka yanke, ba hannu ba."

A kan gadon asibiti ya ɗora masa madubin, a kan dogayen zobba. Da ya gama ya ce, "Tura."

Hamajoda ya ninka kwalin mai jini ya tura. Ya wuce sumul, ya faɗo ta ɗaya gefen, ya sauka a kan zanin gado, daidai inda ƙafar ya kamata ta kasance.

Darasi: In wanda ya riga ka sanin aiki ya ce ka gyara, ka gyara, ko a gaban mutane ne, ko abin bai kai kaurin kwali ba. Kunyar cire madubi ta yini ɗaya ce, ƙafa kuwa ba ta tsirowa. Kuma ku sani, 'ya'yana, girman kanka ba lallai kai zai kayar ba, sau da yawa wanda ya shige maka gaba don yana sonka ne yake kwasa. Ku tura wa mai taurin kan gidanku ya karanta, tun tsohonsa yana tafiya da ƙafa biyu.