Budurwa a Bangon Littafin Kaji

Malama Tabawa ta rubuta littafi kan kiwon kaji, ta kai maɗaba'ar Alhaji Tanimu, wanda shi ne kuma na'ibin limamin unguwarsu. Da ta koma dubawa, sai ta tarar an ɗora wa bangon hoton wata budurwa da ta sha kwalliya, ta jingina da mota.

"Alhaji, ina kajin?"

"Kaza ba ta sayar da littafi, Malama. Ciki naki ne, bango nawa. In kina iya canja shi ba tare da kin taɓa shi ba, bismilla."

"Cikin duka nawa ne? Ba za ka sa baki ba?"

"Ko ɗigo ba zan goge ba. Ga ma'aikatana nan shaida."

"Madalla. To a ƙara min layi ɗaya a shafin farko: 'Godiya ta musamman ga Na'ibi Alhaji Tanimu, wanda ya zauna da kansa ya tantance hotunan 'yan mata har ya zaɓo wannan.' Kwafin farko kuma Liman zan kai wa."

Alhaji ya gyara zaman hularsa, ya juya wurin mai zanen bango.

"Kai, cire yarinyar nan ka nemo kaza. Ita ma ka samo mai kamun kai."