Kiran da Jirgi Ya Danne

Ku matso ku ji abin da ya sami Malam Jatau, in na gama ku raba mini gardama.

Tsoho ne, shi kaɗai a gida kusa da mararrabar jirgin ƙasa. Shekara goma sha biyu ke nan da 'yarsa tilo, Yalwa, ta bar gari bayan wata baƙar magana da ya faɗa mata. Kullum sai ya share ɗakinta, kaɗaici na cinsa.

Ran nan yana jan ruwa a rijiya wayarsa ta yi ƙara. Ya ji an ce, "Baba, ni ce. Ina asibitin..." Sai jirgi ya zo wucewa ya danne sunan garin. Wayar ta suɓuce masa ta faɗa rijiya. Bai riƙe lamba ba, bai san ƙarfe nawa ba. Jirgin kaɗai ya sani.

Sallau mai gadin mararraba, wanda ake wa dariya don ba jirgin da ke wucewa bai rubuta ba, ya buɗe littafinsa: jirgin ya wuce ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu.

Ladidi, jikar maƙwabcin Jatau, tana ofishin da ke tattara bayanan asibitoci, har da kiran da marasa lafiya ke yi da wayar ɗakin jinya. Ta sa kwamfuta ta nemo wannan lokacin, babu. Maimakon ta haƙura, ta ce a kawo na kusa da shi. Biyu suka fito daga garuruwa biyu masu nisa: huɗu da goma, da huɗu da sha tara. Kowa ya ce na farkon ne, ai shi ya fi kusa.

Sai Mati mai gyaran agogo ya ce a dakata. Agogon Sallau na baya da minti bakwai, shekara uku yana binsa ya kawo gyara, taurin kai ya hana.

Jatau ya bi na biyun. Ya tarar da Yalwa da sauran numfashi, suka yafi juna. Bayan kwana biyu ta cika, hannunta cikin nasa.

Ya dawo gidan da babu kowa, da agogon hannunta a aljihu. Kallonsa na karya masa zuciya, ya ce zai bai wa wanda ya sada su.

To, Sallau da ya rubuta, Ladidi da ta faɗaɗa nema, ko Mati da ya san kuskuren agogo: wa za a ɗaura wa?