Fetur a Tankin Ruwan Sha

Akwai wani dattijo a garin Ballarat mai suna Neville Harkin, wanda ya shekara talatin da huɗu yana tuƙa motar 'yan makaranta bai taɓa goge ko da shinge ba. Idan ka zauna da shi minti biyar sai ka ji wannan tarihin, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Da ya yi ritaya, shi da matarsa Noelene suka bi sahun sauran tsofaffi. Sanyi na kamawa a kudu, sai su loda kaya a motarsu mai gado da kicin a ciki, su nufi arewa. Neville ne mai tuƙi, shi ne mai shan mai, shi ne mai duba taya. Ko makullin motar ba ya bari Noelene ta riƙe.

A bana suka sauya mota. Tsohuwar, wadda ya yi shekara goma sha biyu da ita, bakin tankin manta yana bayan ƙofar direba ne. Sabuwar kuwa, a daidai wannan wurin aka sa bakin tankin ruwan sha, na mai yana can gaba kaɗan.

Safiyar wata Talata suka tsaya a wani gidan mai da ke tsakiyar daji, kan hanyar zuwa garin Tennant Creek. Noelene ta shiga kanti sayen burodi. Neville ya zaro tiyon fetur, sai idonsa ya faɗa kan wani mutum mai suna Merv, sabon shiga a harkar yawon nan, yana ta fama ya yi baya da ɗakin da yake ja a bayan motarsa. Ya yi gaba, ya yi baya, ɗakin ya ƙi miƙewa.

"Mutumina!" Neville ya ƙwala masa kira. "Lasisin nan saye ka yi, ko gado ka ci?"

Merv ya leƙo ta taga yana dariya. "Koyo muke, babban direba. A yi mana haƙuri."

"Juya sitiyarin hagu! Hagu na ce! Kai, da ni ne malaminka da tuni na mayar da kai kan keke."

Bakinsa na can yana ba da darasi, hannunsa kuma ya je inda ya saba zuwa shekara goma sha biyu. Ya buɗe murfi, ya zura tiyo, ya matsa.

Bai ankara ba sai da ya ji sanyi a kan takalminsa. Tankin ya cika har yana ambaliya, alhali mai bai kai ko'ina ba. Ya duba hannunsa na hagu, ya ga shuɗin murfi mai hoton famfo a jiki.

Lita goma sha ɗaya na fetur, a cikin ruwan da suke sha.

Jama'a, garejin bakanike yana nan bayan kantin, taku talatin bai cika ba. Da ya je ya faɗa, da labarin ya ƙare a nan. Amma Merv yana wurin, matarsa Glenys tana wurin, ga wasu matafiya huɗu suna karyawa a ƙarƙashin rumfa. Neville ya san yadda abin yake. Da la'asar a kowane zango, kowa zai fito da kujerarsa a yi da'ira, a dinga ba da labarin wautar mutane a hanya. Shi ne gwanin wannan da'irar. Kafin mako ya zagayo, sunansa zai riga shi isa birnin Darwin, can ƙarshen arewa.

Sai ya mayar da murfin a hankali, ya sha mai a inda ya dace, ya shige cikin motar ya ɗaga kujerar baya, ya kashe makunnin famfon ruwa. Ya ce a ransa, idan famfo bai tashi ba, ruwa ba zai fito ba. Kilomita ɗari da tamanin ne kawai zuwa gari. A can zai kai motar gareji inda babu wanda ya san shi.

Noelene ta dawo da ledarta. "Kai kuma lafiya kake zufa haka da sassafe?"

"Shiga mu tafi," ya ce.

Da wata matar ce, da tun daga bakin ƙofa za ta toshe hanci. Amma shekara shida ke nan da wata rashin lafiya ta ɗauke wa Noelene jin ƙamshi da wari, har ɗanɗanon abinci ma sai sama-sama. Ta zauna ta ɗaura bel, tana ba shi labarin karen mai kantin.

Suka kama hanya. Neville ya sauke gilasai duka huɗu.

"Ga na'urar sanyi, me ya sa za ka cika mu da ƙuda da iska mai zafi?"

"Iskar Allah ta fi lafiya."

"Yau kuma? Kai da kake cewa taga a buɗe tana shan mai?"

Warin yana tasowa daga ƙarƙashin gado, inda tankin yake, yana shigar masa har cikin kai. Duk ramin da suka faɗa sai ya ji ruwan ya yi motsi a baya. Tukunyar gas ɗin girki tana nan kusa da tankin. Sau uku yana buɗe baki zai faɗa mata, sau uku yana haɗiye maganar.

Ƙarfe goma ta yi. Shekara arba'in da ɗaya da aurensu, Noelene ba ta taɓa barin shayin ƙarfe goma ya wuce ta ba, kuma da shi take shan maganin hawan jininta.

"Nev, ga wurin tsayawa can. Shiga in ɗora buta."

"Famfon ya lalace."

"Wane famfo? Da shi na wanke kofuna ɗazu."

"Na ce miki ya lalace. Ke me kika sani a kan famfo?"

Ta juyo ta kalle shi, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar da fuskarta taga. Wannan kallon ya fi masa zagi ciwo, amma ya ƙara taka mota.

Sai dai jikin ɗan shekara sittin da tara ba ya jin umarni. Bayan rabin awa fitsari ya matse shi, irin matsar da ba a yi mata gardama. Ya gangara gefen titi ya tsaya.

"Minti biyu. Kada ki taɓa komai."

Filin fetal yake, babu abin fakewa sai wasu 'yan ƙananan itatuwa can nesa. Dole ya yi tafiya mai ɗan tsawo. Yana tsaye a bayansu, babu motsin komai sai ƙuda, sai ya jiyo wani gurnani siriri daga wajen motar.

Famfon ne.

Abin da Neville bai sani ba, Noelene ta karance littafin motar nan daga bango zuwa bango, littafin da shi bai taɓa buɗewa ba don yana ganin ya wuce nan. Ta san inda kowane makunni yake.

Rabon Neville da gudu an fi shekara ashirin. Ranar ya yi. Wando a hannu, ƙaya tana kama ƙafarsa, numfashi yana neman ƙwace masa, yana ihu muryar ba ta fita.

Ya faɗo ƙofar motar. Buta tana kan murhun gas, cike. Ruwa yana malala a wurin wanke-wanke, wari ya cika ɗakin har ido yana yaji. Noelene tana riƙe da kwalin ashana, ta riga ta zaro ƙwara ɗaya.

"Ka ga babban bakanike," ta ce tana murmushi. "Makunni ne kawai aka..."

"Kada ki ƙyasta! Noelene, kada ki ƙyasta!"

Ya fizge kwalin ya wurgar waje, ya kama hannunta ya jawo ta, suka yi ta tafiya har sai da suka yi nisa da motar.

"Ka haukace ne? Ka kusa karya min hannu!"

Sai a lokacin ya tuna ya ga kofi a kan teburi. Kuma babu komai a cikinsa.

"Kin sha ruwan?"

"Maganina na haɗiya da shi. Ya ɗan ƙona min maƙogwaro, na ɗauka zafin rana ne ya dafa tankin. Nev, mene ne?"

Ya durƙusa a kan jar ƙasar nan.

"Fetur ne a ciki. Ni na zuba, a gidan mai. Ni na kashe famfon."

Ta dafa ƙirjinta, ta yi tari sau biyu.

Tarin nan ya ƙarasa ruɗa shi. Ya zaro waya, babu sabis ko ɗigo. Ya duba titi gaba da baya, babu mota. Abin da ya rage sai oba-obar hannu da ke rataye a ɗamararsa, wadda duk mai tafiya a hanyar yake saurare: direbobin tirela, matafiya, masu aikin titi, kowa da kowa.

Ya danna, ya kai ta bakinsa.

"Duk mai ji na, don Allah a taimaka. Neville ne, mai farar mota. Na zuba fetur a tankin ruwan sha, na ɓoye wa matata, ta sha. Tana tari. Don Allah."

Shiru. Ya sake maimaitawa, kalma bayan kalma, bai rage komai ba.

Sai wata murya ta keto. "Babban direba, Merv ne. Muna bayanka kaɗan. Ku matsa nesa da motar. Muna da wayar tauraron ɗan'adam, Glenys na kiran likita yanzu."

Minti tara suka ɗauka kafin su iso. Neville ya ƙirga kowane ɗaya a fuskar matarsa.

Likitan ya yi magana ta waya a natse. Kada a sa ta amai, domin idan fetur ya koma huhu ya fi haɗari. Ta kuskure baki da ruwa mai tsabta. A sa ido kan numfashinta, a kawo ta asibiti yanzu. Sa ta amai kuwa shi ne abin da Neville ya yi niyyar yi.

Merv bai yi masa ba'a ko sau ɗaya ba. Ya je ya rufe tukunyar gas, ya kashe wutar motar gaba ɗaya, ya bar ƙofofi a buɗe. Da ya ga Neville ya sunkuya zai kwance tankin ya zubar a ƙasa, sai ya dafa kafaɗarsa.

"Bar shi, ɗan'uwa. Ba a zubar da wannan a daji. Motar ja za ta zo ta ɗauke ta. Kai dai shiga ka zauna kusa da matarka."

A kujerar baya ta motar Merv suka ƙarasa gari, mutumin da ya ce zai mayar kan keke yana tuƙa shi. Noelene ta rufe ido. Neville ya kasa kunne yana sauraron kowane numfashi da ta ja.

Allah ya taƙaita. Fetur sama yake tasowa, famfo kuma daga ƙasa yake ja, saboda haka abin da ta haɗiya kaɗan ne. Bayan awa huɗu ana duba ƙirjinta, likita ya ce babu abin da ya shiga huhu. Bakanike kuma ya aiko cewa tankin da tiyoyinsa duk sai an cire an sa sababbi, domin roba idan ta sha fetur ba ta wankuwa.

Neville ya zauna a bakin gadon, ya rasa inda zai sa idonsa. Glenys tana gefe a kan kujera.

"Noelene, ki yafe min."

"Zuba fetur ɗin ba komai ba ne, Nev," ta ce, muryarta a dishe. "Kowa yana kuskure. Amma awa biyu ina zaune kusa da kai. Ka san abin da ke bayanmu, ka san ba na jin wari. Ka kalle ni ka ce me na sani a kan famfo."

Neville ya sunkuyar da kai.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce yanzu za ta iya shan ruwa. Neville ya miƙe da sauri, kamar wanda aka ba aikin da zai wanke shi. Ya je ya ɗauraye kofi sau biyu, ya cika, ya kawo mata da hannu bibbiyu.

Noelene ta karɓa. Ta kalli ruwan, ta kalli mijinta na shekara arba'in da ɗaya. Sannan ta miƙa kofin gefe, ga matar da ta fara sani da safiyar ranar.

"Glenys," ta ce, "shinshina min."

Darasi: Kuskure ba ya zubar da mutunci, ɓoye shi ne yake zubarwa. Idan ka yi ɓarnar da za ta iya taɓa wani, faɗi tun da wuri, ko da za a yi maka dariya. Dariyar mutane kwana biyu ce, amma yardar wanda ya dogara da kai idan ta tafi, ba a san ranar dawowarta ba. Ka tura labarin nan ga wanda ka san "na yi kuskure" tana yi masa nauyi a baki, wataƙila ka ceci wani gida.